Darasi na 9: Idan Katakon Jirgi Ya Ruɓe

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin ruwa a Yawuri ranar kasuwa, ko Malale, ko Baga a gefen Tafkin Chadi, ya ga yadda rayuwar jama'a ta rataya a kan katako. Masunci da kwale-kwalensa, mai fito da jirginsa, 'yan kasuwa da buhunan shinkafa da albasa, mata da goyo, har babura da awaki, duk a kan katakon da kaurinsa bai fi inci ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Shi kaɗai ne tsakanin mutum da zurfin ruwa.

A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ya dare a tsakiyar ruwa kusa da Wara ta Jihar Kebbi, ɗauke da mutane sama da 150. Kaɗan ne suka tsira. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ce lodi ya yi yawa, jirgin kuma tsoho ne, ya yi rauni. Maganar lodi za ta zo a wani darasi. Yau raunin za mu duba: yadda katako ke ruɓewa, yadda ake gane ruɓar tun ba ta yi nisa ba, da yadda ake cire ta a sa lafiyayye.

Me ke cin katako?

Da yawa daga cikinmu mun taso da cewa ruwa ne ke ruɓar da katako. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani abu mai tauri. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale na sassaƙa mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda aka auna shekarunsa aka samu wajen 8,000. Yana kwance cikin jiƙaƙƙiyar laka, kusan mita 5 a ƙarƙashin ƙasa. Da ruwa kaɗai ke ruɓar da itace, da ko ɓurɓushinsa ba a samu ba. Abin da ya cece shi, iska ba ta kai gare shi ba.

Mai cin katako abu ne mai rai, dangin fumfuna da naman kaza. Irinsa ya fi ƙura ƙanƙanta, yana yawo cikin iska ko'ina, babu yadda za ka hana shi sauka a jirginka. In ya sauka a kan katako mai laima sai ya tsiro, ya tura zaruruwa sirara cikin jijiyar itacen, yana narkar da ita yana ci. Abu huɗu yake bukata: abinci, wato itacen kansa, da ɗumi, da iska, da laima. Ɗumi dai Allah ya hore mana shi, iska ma ba ta hanuwa. Laima ce kawai ke hannunmu. Katakon da ruwan cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ruɓa ba ta kama shi. In ya haura wajen kashi 30 ya daɗe a haka, to an shimfiɗa mata tabarma.

Ga yadda ake wannan lissafi. Ka yanko guntun katako, ka auna, ka samu giram 600. Ka busar da shi kusa da wuta har nauyinsa ya daina raguwa, ka samu giram 480. Ruwan da ya fita giram 120 ke nan. Raba 120 da 480, ka ninka da 100, amsa 25. Wannan katako yana da laima kashi 25 cikin 100, bai isa a sa shi a jirgi ba tukuna.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri saurin kawo ruɓa. Masu jiragen teku suna fama da wata tsutsa mai huda katako, amma gishiri yana rage musu fumfuna, har maƙeran jirage na Turai da Amurka a da sukan cusa gishiri tsakanin haƙarƙarin jirgi. Mu kuwa kogin Kwara da na Binuwai da Tafkin Kainji duk ruwan daɗi ne, ga ruwan sama da ke kwana cikin jirgi da damina. Ruwan saman nan ya fi kowanne ɓarna.

Inda ake neman ta

Tunda ruɓa tana son ruwa da iska a tare, sai a neme ta inda suke haɗuwa. Gefen jirgi daidai inda ruwa ke tsayawa, wanda yau ya jiƙe gobe ya bushe. Ƙarƙashin katakon da ake takawa, inda taɓo da ƙaiƙayi da ɓawon kifi ke taruwa su riƙe laima. Bayan haƙarƙari, wato sandunan da ke riƙe da katakan gefe. Bakin kowane katako, domin itace ta bakinsa yake shan ruwa kamar karan dawa. Kewayen kowace ƙusa. Sai kuma wurin da ya fi ba ni tsoro, katakon baya inda ake ɗaura inji. Inji mai ƙarfin doki 40 yana girgiza shi yini guda, ramukan noti suna buɗewa, ruwa yana shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ido kaɗai ba ya isa. Na taɓa zama a wata mashiga kusa da Yawuri ina kallon wani dattijon kafinta yana duba jirgin wani saurayi da aka jawo tudu aka kife. Jirgin baƙi wuluk da kwalta, yana sheƙi, kai ka ce sabo ne. Dattijon ya ɗauki ƙaramar guduma yana bin katako yana ƙwanƙwasawa, kunnensa kusa da jikin jirgin. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Da ya zo kusa da baya sai ƙarar ta koma bus, kamar an bugi buhun dusa. Ya tsaya.

Saurayin ya ce, "Baba, ai wurin nan bara na lafta masa kwalta, har gwangwani na buga."

Ya ce, "Na gani, ɗana. Miƙo wuƙarka."

Ya sa bakin wuƙar ya ɓamɓare gwangwanin, ya danna tsininta da hannu ɗaya. Ta shige har ƙota, wani baƙin ruwa mai wari ya biyo ta. Ya kwarfo abin da ke ciki da yatsa ya murtsuke a tafin hannunsa, ya miƙa wa saurayin ba tare da ya ce komai ba. Jirgin nan washegari za a yi masa lodin kasuwa.

Wannan shi ne gwajin, kuma ba ya cin ko sisi: guduma da tsinin wuƙa. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙara mai kaifi, tsini ba ya shiga sai da ƙarfi, in ka ɓanɓaro sai ya fito da doguwar sartse. Ruɓaɓɓe ƙararsa a dushe take, tsini yana nutsewa, abin da ka ɓanɓaro guntu ne yana karyewa nan take. Ku lura da kala ma. Wata ruɓar tana mai da katako ruwan ƙasa mai duhu, ya tsattsage gida-gida kamar ƙasar fadama da rani, in ya bushe ya zama gari. Wata kuma tana mai da shi fari-fari, sakayau, zare-zare kamar raken da aka tsotse aka tofar. Ta farkon ta fi saurin karya ƙarfin katako, tun kafin ido ya ga wani abu. Fenti da ya kumbura, ƙusa da ke zubar da jan hawaye, da warin ruma in ka ɗaga katakon takawa, duk saƙo ne.

Kitso da ƙwarƙwata

Abin da saurayin nan ya yi, yawancinmu shi muke yi, kuma ban ga laifin niyyarsa ba, katako ya yi tsada, yini ɗaya ba aiki asara ce ga mai iyali. Amma shafa kwalta ko fenti a kan ruɓa kitso ne da ƙwarƙwata. Ka kulle laimar a ciki, ka hana ta fita, ka kuma rufe wa idonka abin da ke faruwa. Facin gwangwani ya fi muni, domin ruwa yana bin ramukan ƙananan ƙusoshi ya kwanta a ƙarƙashinsa. Haka faiba da wasu ke lulluɓe tsohon jirgi da ita: a kan busasshen katako lafiyayye tana iya amfani, a kan ruɓaɓɓe kuwa likkafani ce. Gwangwani da kwalta na ranar gaggawa ne, su kai ka gaɓa. Da ka isa sai a cire.

Itacen da ya riga ya ruɓe babu maganin da ke dawo masa da ƙarfi. Yankewa ake yi. Kuma ba daidai inda ido ya ga ruɓar ba, domin zaruruwanta sun riga sun yi gaba cikin abin da ke kama da lafiyayye. Ka bi tsawon katakon ka ƙara aƙalla ƙafa ɗaya ta kowane gefe, in da hali ƙafa biyu, har sai zarto ya fara fitar da gari mai haske da ƙamshin itace. Abin da ka yanke kada ka bar shi cikin jirgi ko kusa da sabon katako. A murhu ya dace.

Daga nan sai bushewa, kuma a nan ne haƙuri ke ƙarewa. A ɗora jirgin a kan gungume ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa, saboda laima da gara. A cire katakon takawa, a kankare taɓo, a wanke, a bar iska ta ratsa. Inuwa ta fi rana tsaka, domin zafin bazara yana tsaga katako ya buɗe haɗi. Lokacin hunturu ya fi kowane lokaci dacewa, iskarsa tana yin aikin wata guda cikin mako biyu. Wanda ya bari sai hadari ya haɗo sannan ya tuna da gyara, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganin da ake shafawa

Bayan an yanke an busar, ana shafa magani a lafiyayyen itacen da ke kewaye, don kashe zaruruwan da suka rage. Mafi sauƙin haɗari shi ne borakis da asid ɗin borik, farin gari ne da ake samu a shagunan sinadarai na manyan garuruwa. A narkar da giram 600 na borakis da giram 400 na borik cikin lita 9 na ruwan zafi, a shafa da buroshi sau biyu ko uku, a fi bai wa bakin katako da ramukan ƙusa. Yana bin laima ya shige ciki, wannan shi ne amfaninsa. Rauninsa kuma ruwa yana wanke shi, don haka sai an bari ya bushe an rufe da fenti ko kwalta. Akwai kuma magungunan katako na gwangwani irin su Solignum da kafintoci suka sani. Su ma a shafa su a tudu, nesa da ruwa, a bari su bushe sarai, a sa safar hannu, a kawar da yara.

Baƙin mai na inji kuwa ina roƙonku ku bar shi. Na san arha gare shi, na san an saba. Yana sa ruwa ya zame a sama na ɗan lokaci, amma ba ya kashe abin da ke ciki, yana hana fenti da gam kamawa, sannan yana zuba cikin ruwan da muke sha muke kama kifi. Maganin ƙwari na gona ma haka, ba a yi shi don katako ba, kuma dafi ne ga kifi.

Akwai gam mai gwangwani biyu da ake haɗawa, ana ce masa ifoksi. Yana da ƙarfi ƙwarai, ruwa ba ya narkar da shi. Sharaɗinsa katako ya bushe ƙarau, kuma a bi ma'aunin da aka rubuta a jikin gwangwanin ba ƙari ba ragi. Farin gam na kujeru ba na jirgi ba ne.

Sabon katako da yadda ake haɗa shi

Ba kowane itace ke jure ruwa ba. Maɗaci tun da daɗewa shi ne na masassaƙan jirgi, har a Mopti ta ƙasar Mali inda ake ƙera manyan jiragen Kwara. Kawo da ƙirya da loko suna daɗewa ƙwarai. Rimi yana da sauƙin sassaƙa da rashin nauyi, amma ba ya kai labari. Farin katako mai arha da ake rufin ɗaki da shi, damina biyu ta ishe shi. Itatuwan kirki sun yi ƙaranci, har a 2022 aka sa maɗaci da kawo cikin jerin waɗanda ake sa ido a kan fataucinsu tsakanin ƙasashe. Wannan ma dalili ne na tattalin wanda ke hannu.

Ko a itace mai kyau, a duba gefen katakon. Jan cikin, wato zuciyar itacen, shi ne mai jurewa. Farin da ke kusa da ɓawo abincin ruɓa ne da ƙwaro ko da na maɗaci ne. In ka ga farin layi a gefen katako, ka tsage shi ka yar, ko ka ƙi saye. Ɗanyen katako kuma a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu, ya sha iska kafin a yi aiki da shi.

In ruɓar 'yar kaɗan ce kuma ba ta ratsa katakon ba, a fafe wurin har lafiyayyen itace, a daidaita gefunan ramin, a sassaƙo guntun itace iri ɗaya wanda zai shige cif, jijiyarsa tana bin ta katakon, a sa gam a danna.

In ta ratsa, sai a sa sabon yanki, kuma a nan ake gane gwani. Haɗa baki da baki kawai a buga ƙusa ba ya riƙewa. Hanya ta farko ita ce a fiƙe bakin tsoho da na sabo a karkace, kamar fiƙar alƙalami, su kwanta a kan juna. Tsawon fiƙar ya zama kaurin katakon sau 8 aƙalla. Katako mai kaurin inci 1, fiƙa inci 8. Mai inci 1 da rabi, inci 12, wato ƙafa guda. Ga haƙarƙari da duk inda nauyi ke sauka, sau 12 ya fi. A tsara haɗin yadda leɓen da ke waje zai kalli bayan jirgi, don ruwa ya zame a kansa in ana tafiya, kada ya riƙa ɗaga shi. Hanya ta biyu, in babu gam mai kyau, a haɗa baki da baki a tsakanin haƙarƙari biyu, a ɗora wani guntun katako ta ciki ya haye duka ɓangarorin, a shafa kwalta a tsakani, a ɗaure tam. A bar ɗan sarari tsakanin guntun da haƙarƙari don ruwa ya sami hanyar gangarawa. Kada haɗin katakai biyu maƙwabta ya faɗo wuri ɗaya, a raba su da haƙarƙari biyu ko uku.

Haƙarƙarin da ya ruɓe a tsakiya ana iya yanke ruɓar a kafa masa ɗan'uwa a gefe, wanda ya zarce wurin sosai sama da ƙasa. Katakon inji kuwa ban yarda da faci a kansa ba. In tsini ya shige shi, a canza shi ɗungurungum. Kuma akwai jirgin da ya wuce gyara: in haƙarƙari uku ko huɗu a jere sun tafi, ƙasan jirgi ya yi laushi, ƙusa ba ta samun abin kamawa, to ya gama aikinsa. A kwashe katakan da ke da sauran amfani, kada a ƙara ɗaukar ɗan kowa a cikinsa.

Ƙusa da toshiya

Ƙusar ƙarfe in ta yi tsatsa tana cin itacen da ke kewaye da ita, wurin ya yi baƙi ya yi laushi, ƙusar ta riƙa rawa. A nemi mai ruwan tutiya, wadda ake ce wa galbanayiz, ko da ta fi kuɗi. A fara huda rami ɗan siriri kafin a buga, musamman kusa da bakin katako, don kada ya tsage. A tsoma ƙusar cikin kwalta, a nutsar da kanta kaɗan, a rufe. Tsohon ramin ƙusa kada a bar shi a buɗe, a fiƙe ɗan itace a cusa.

Tsakanin katako da katako ana cusa auduga ko zaren tsohuwar igiya, a bi da kwalta mai ɗumi. A Mali har yau akwai masu amfani da tsumma da man kaɗanya. Kada a cusa da ƙarfin tsiya a jirgin da ya bushe, domin katako yana kumbura ta faɗinsa in ya koma ruwa, toshiyar da ta yi yawa tana iya banƙare shi ta fizge ƙusa. Wajen narka kwalta a nisanci jarkar fetur, a ajiye yashi kusa, kada a zuba ruwa a kwaltar da ta kama wuta.

In an gama, a sa jirgin a ruwa mara zurfi ya kwana biyu ya sha ya kumbura. Ɗan yoyo a daren farko ba abin damuwa ba ne, in ya ci gaba bayan kwana uku a sake dubawa. Sannan a yi masa lodin buhunan yashi a zagaya da shi kusa da gaɓa kafin mutum ya shiga. Daga ranar kuma, kowace yamma a kwalfe ruwan ciki har ƙasa, kowane mako a ɗaga katakon takawa a share, kada a bar jiƙaƙƙiyar koma ko buhu su kwana a kan katako. In za a rufe jirgi da tamfol, a bar gaba da baya a buɗe.

Aikin yi

Kafin haɗuwarmu ta gaba, ku kasu uku-uku, ku nemi izinin mai jirgi ko kwale-kwale a mashigarku, ku tafi da guduma da wuƙa da alli. Ɗaya ya ƙwanƙwasa, ɗaya ya gwada da tsini a hankali, ɗaya ya zana jirgin a littafi ya sa alama duk inda ƙara ta dushe. Ku tambayi mai jirgin da wane itace aka yi shi, shekararsa nawa, yaushe aka yi masa gyaran ƙarshe, ku rubuta amsar. Waɗanda garinsu ba ruwa, su yi gwajin a ƙofar katako ko amalanke ko azarar da ke kusa da indararo.

Ku kuma zo da amsar waɗannan. Katako mai kaurin inci 2 za a haɗa a wurin da nauyi ke sauka, inci nawa za a fiƙe? Guntun katako ya auna giram 900 da laima, giram 750 a bushe, kashi nawa ne ruwan cikinsa, kuma ya isa a sa shi a jirgi? Me ya hana kwale-kwalen Dufuna ruɓewa?